Keso, Akuya da Takardar Hannun Jari

Duk wadda ta taɓa riƙe adashi ta san tambayar da ke biyo bayan kwasa. Na daɗe ina uwar adashi a makarantar 'yan matan da na koyar da tarihi har na yi ritaya, kuma da wuya malama ta karɓi nata ba ta ja ni gefe ba, murya ƙasa-ƙasa: "Hajiya, me kike ganin zan yi da su?" Kuɗi ne da ba su isa sayen gida ba, sun kuma fi ƙarfin cefane. Irinsu ne garatutin ƙaramin ma'aikaci, da rabon gadon mace a gidan da magada suka yi yawa, da sadakin da aka damƙa wa amarya a hannu. An rubuta tarihin manyan attajiranmu. Na wannan ɗan matsakaicin kuɗi kuwa sai dai a tsinto shi a gefen littattafai da bakin tsofaffi. Da na bi sawunsa, sai na lura magabata ba da maganar riba suke farawa ba. Abin da ke gabansu shi ne a hannun wa kuɗin zai kwana, kuma in ta ɓaci kwana nawa za a yi kafin ya dawo.

A 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a birni. Kuɗin kasuwar Kurmi a lokacin wuri ne. Ya rubuta cewa wuri 2,500 ake bayarwa a karɓi dala ɗaya ta azurfa, kuma wuri 50,000 zuwa 60,000 ya ishi iyali su shekara cikin rufin asiri. Ana ɗinke wuri 20,000 a buhun kaba guda, shi ne keso, kuma kayan ƙato ɗaya ne. Ke nan cin shekarar gida keso uku ne. Mai keso ɗaya ko biyu a ɗaka shi ne takwaran mai kwasar adashi a yau.

Sai dai keso ba abin ajiya ba ne. Wurin farko ƙanana ne, daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kawo su, da tsada da wahala. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano wani irin wuri, mai girma da araha, a gaɓar Zanzibar, suka riƙa cika jiragen ruwa suna saukewa a Ikko da sauran tasoshin bakin teku. Sannu a hankali ya malalo Arewa. Kafin ƙarnin ya ƙare, sai an ƙirga kusan ninkin abin da Barth ya gani kafin a sami dala ɗaya. Wanda ya binne kesonsa don gudun ɓarawo ya tono abinsa cif, ko ƙwaya ba ta ɓata ba, amma rabin ƙarfinsa ya tafi. Ga kuma zakka, ɗaya cikin arba'in na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a ajiye. Malaman zaure sun san abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar a Muwaɗɗa, na umarni da a riƙa juya dukiyar maraya don kada fitar da zakka ya ƙarar da ita. Kasuwa da addini sun haɗu a kan cewa kuɗi ba abin kwantarwa ba ne.

Dole a faɗi inda masu hali ke kai nasu, ko da ba daɗin ji. Bayi suke saya. Bawa yana noma a gandu ko rinji, ana iya sayar da shi, kuma da ƙafarsa yake tafiya, abin da keso goma ba ya yi. Haka ɗan Adam ya zama madadin kuɗi a manyan ciniki. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ce ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Duk mai yabon hikimar kakanni a harkar dukiya ya riƙa tunawa da wannan.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa fatake yake nema. Mahaifin kakata bafatake ne mai 'yan jakuna, daga wani ƙauye kudu da Kano, yana bin ayarin Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan hanya. Ruwa na ɗaukewa ayari ke tashi, jagaba na gaba, iko na hannun madugu. A ɗora kanwa da baƙin rini irin na Kura da jar fata da busasshiyar albasa, a haye Kwara, a ratsa Bargu inda 'yan fashi ke tare hanya, a biya fito, a sallami kowane sarki, har a isa Salaga. A dawo da goro naɗe cikin ganye, ana kwance shi a hanya ana tsince wanda ya fara lalacewa ana yayyafa wa sauran ruwa. Tafiyar watanni ce, wani zubin ta cinye shekara.

Kakata ta ce in ayari ya kusa tashi, gwaggwanninta kan aiko wa mahaifinta da abin da suka tara daga kaɗi da kitso da sayar da fura, su ce a juya musu. Wannan shi ne ƙiradi, kuma ƙa'idojinsa na nan a Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukanmu. Ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya kawo wahala, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya. In an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai juyawa kuma ya yi asarar guminsa. In aka gindaya cewa dole uwar kuɗi ta dawo ko me ya faru, ƙiradin ya ɓaci. Wannan ƙa'ida ita ta tsara tunanin mutane. Tun da ba wanda zai lamunce maka, sai ka zuba ido a kan mutumin: ɗan wane ne? Uwarsa na gari? Yana da gona da iyalin da zai dawo dominsu? Yaya ya yi da kuɗin wance bara? Duk kyan halinsa kuma, ba a ba shi duka.

Suna da gaskiya, domin hanya ma tana mutuwa. Yaƙin cikin gida na 1892 ya watsa kasuwar Salaga, ciniki ya koma Kete-Karachi da Kumasi, daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji, na cikin waɗanda suka hango haka suka bi teku. Masu jakunan da suka tsaya a tsohuwar hanya suna kallo jarinsu ya ƙanƙance.

Abin da ba a ba fatake ba, mata na da inda suke kai shi, kuma a nan na ga tsarin da ya fi burge ni. Shari'a ta bar wa mace dukiyarta, miji ba shi da iko da ita, don haka kowane ɗaki da taskarsa. Baturiyar nan Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar mafi yawan awaki da tumakin garin na mata ne, ga kuma ciniki mai yawa da ake yi daga cikin gidaje ta hannun yara masu talla. Mu da muka tashi a ciki ba mu ɗauke shi abin rubutawa ba.

Tsakiyar dukiyar kakata jar akuya ce, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta bi Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Cikinta wata biyar, tana yawan haifar tagwaye, ba ta da tsadar ci. In gida ya yi musu kaɗan sai a ba da kiwo ƙauye, a raba 'ya'ya. A wajenmu biyu na mai akuya, na uku na mai wahala. Sama da akuya akwai jere. Da can ƙore ne da tasoshin tagulla, sannan langa da samira suka shigo, aka riƙa jera su har kusa da rufi. Baƙo ado yake gani, mai ɗaki kuwa ta san kuɗin kowanne, ta san dillaliyar da za ta karɓa a asirce. Ƙasa da akuya akwai kaji da asusu da zubin adashi. Akwai kuma biki, wanda shi ma ajiya ce a hannun mutane: ki kai wa ƙawarki sule ranar sunan ɗanta, ta kawo miki biyu ranar naki, ana ninkawa har ya yi nauyi a sake farowa daga ƙasa.

Kowanne da ranarsa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama kaza. Haraji ya matsa wa maigida ko aure ya taso, a kai akuya kasuwa. Ba a taɓa jere sai tura ta kai bango, kuma ranar da aka ga dillaliya ta fita da tasa a ƙarƙashin mayafi, maƙwabta sun san gidan na cikin wani hali. Na taɓa tambayar kakata me ya hana ta sayar da kwanukan nan da ba a ci a ciki ta ƙara awaki, tun da su ke haihuwa. Ta dube ni ta ce, "Kishiya, ba ki ga Kakalaba ba." Tana yarinya aka yi wannan yunwa ta 1914. Damina ta ƙi, kowa ya kora dabbarsa kasuwa lokaci guda, akuya ta koma ba ta sayen abin kirki na hatsi, wasu suka mutu a turke. Tasa ma ta faɗi a shekarar, amma ita ba ta mutu ba, ba ta kuma nemi dusa ba. Fulani sun riga kowa ɗanɗana wannan a annobar shanu ta wajen 1890, da ta bar masu garke da sanda kawai a hannu.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka soma neman haraji da kuɗin ƙarfe, a 1912 kuma aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma. Sule da sisi da taro da kwabo da anini mai huda suka karɓe kasuwa. Wuri ya daɗe yana jan ƙafa a kasuwannin ƙauye, sannan ya koma kayan ado da na masu duba. Ba wanda ya buɗe ofis ya canja wa talaka kesonsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na jiran auduga, manoma suka kawo gyaɗa. Daga 1912 mai fam biyu ko uku ya sami sabuwar hanya: ya bi kasuwannin ƙauye da kaka yana auno gyaɗa mudu-mudu, ya kai sikelin wakilin kamfani. An samu ƙwarai, har faɗuwar farashi ta shekarun 1930 ta nuna cewa a Turai ake yanke kuɗin abin da aka noma a Gezawa. Banki kuwa na manya ne. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne Ɗantata ya kai azurfarsa banki a kan raƙuma ashirin, ya kuma ce ba ya son ruwa. Talaka ma yana ƙyamar kuɗin ruwa, ga takardun boko, ga nisa, sai ya ci gaba da kai ajiyarsa wajen attajirin unguwa ko liman.

A 1975 na ga yadda ake wannan shawara a gidanmu. Gwamnatin Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji, ta ƙara albashi, ta kuma biya ariyas tun daga Afrilun 1974 a dunƙule. Shekarar naira biyu ke nan da fitowa, naira biyu a madadin fam ɗaya, kuma ta fi dalar Amurka ƙarfi. Ma'aikata suka yi wa kantuna tsinke: rediyo mai kaset, fanka, firji, Honda, Vespa. Aure ma ya yawaita. Babanmu hedimastan firamare ne, ransa na kan babur. Innarmu ta bari sai da ya ci tuwon dare, sannan ta ce, "Malam, babur dai ba ya haihuwa." Ya ce, "Haka ne, amma keken nan ya gaji, ni ma na gaji." Aka tsaya a tsakiya. Ya sayi babur na hannu, ya saya mata keken ɗinki, ragowar ya biya fegi a bayan gari. A shekarar farashin kaya ya tashi da sama da kashi 30 cikin 100, saboda haka wanda ya riƙe nasa yana nazari, kafin ya gama nazarin kusan rubu'in ƙarfin kuɗin ya zube. Babur ya yi aikinsa ya mutu. Keken ɗinki ya yi mana kayan ɗaki, mu 'yan mata. Fegin kuwa ya yi shekaru bai kawo ko kwabo ba, kuma duk sanda aka matsu aka nemi mai saye sai a yi masa tayin wulaƙanci. Sai da gari ya iso shi sannan ya zama dukiya.

Takardar kuɗi ta ci gaba da halinta. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki ta canja launin naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu, kuma naira 5,000 kawai ake canja wa mutum hannu da hannu. Tsofaffin da ke cusa kuɗi a tukunya da matashin kai, da 'yan kasuwar ƙetaren iyaka masu riƙe da naira, da yawa sun wayi gari da takardun banza. Wanda ya kai nasa banki ya tsira a ranar, amma daga Satumban 1986, da aka saki naira ta nemi farashinta, shi ma nasa ya soma zagwanyewa. A Janairun 1994 'yan'uwanmu na Nijar suka kwana suka tashi an rage darajar sefa da rabi. A farkon 2023 kuma, bayan an sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, mai kuɗi a banki ne ya yi kuka, yana layi tun asuba ba a ba shi abin cefane ba.

Bayan gwamnan babban banki na lokacin, Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna haɗa jarin naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, sai aka shiga sayar da hannun jari kamar ana rabon goron ɗaurin aure. Har ɗakin malamai ake biyo mu da fom. Malamai da 'yan tireda da zawarawa suka saya, wasu ma da bashi. A Maris 2008 kasuwar ta kai ƙololuwa, cikin shekara guda kuma ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku. Sayen hannun jari tarayya ce, akwai kuma waɗanda suka yi haƙuri suka ci ribarsa daga baya. Inda ya bambanta da ƙiradin gwaggwannin kakata shi ne yawancin masu sayen ba su san a hannun wa kuɗinsu yake ba, balle abin da ake juyawa da shi.

MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta fi muni. Ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. Ire-irenta sun biyo baya, wasu da sunan noma ko kiwon kaji, wasu da sunan canjin kuɗi ta intanet, wasu har da rigar addini. Alamarsu ɗaya ce: riba tsayayya kowane wata, uwar kuɗi kuma ba abin da zai same ta. Wannan shi ne ainihin sharaɗin da malaman Malikiyya suka ce yana ɓata ƙiradi tun ƙarnuka da suka wuce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ake gani da ido ma bai tsira ba. Waɗanda suka zuba garatutinsu a baburan acaɓa sun ji jiki a Janairun 2013, da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur. Aka koma adaidaita sahu, ana jiran balas kullum yamma, ana fama da gyara da direban da ya ce yau ba kasuwa. Sayen hatsi da kaka a fitar da bazara tsohuwar dabara ce, amma waɗanda suka cika rumbuna da tsada a kakar 2024 sun ga farashi ya sauko a 2025. Gwal ya karɓi matsayin jere a wajen mata, yana kuma riƙe daraja fiye da naira, sai dai ranar sayarwa kuɗin ƙira ba ya dawowa. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da sukuk ɗin naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi, sun buɗe ƙofa ga masu gudun ruwa. Amma da naira ake lissafinsu, kuma a 2024 hauhawar farashi ta sake haye kashi 30 cikin 100.

In aka jera su tun daga keso, babu ma'ajiyar da ba ta taɓa cin mutane ba. Waɗanda suka miƙe bayan faɗuwa su ne waɗanda suka raba ƙafa, suka kuma san hannun da suka ba. Raba ƙafa har yanzu yana hannunmu. Sanin hannu ne ya yi wuya. Gwaggo ta san bafatake tun yana goye, gari duka shaida ne, in ya ci amana ba shi da inda zai aurar da 'yarsa. Kano ta yau ta fi ƙarfin wannan, mai karɓar kuɗinka yana iya zama lamba ce kawai a waya. Aikin da gari ke yi a da, yanzu sai takarda. Hukumar SEC na da jerin kamfanonin da aka yarje wa karɓar jarin jama'a. Hukumar NDIC, da aka kafa a 1988, tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya rushe. Bincika waɗannan shi ne tambayar "ɗan wane ne?" ta zamaninmu.

Tsakanin dangi kuwa kunya ce ke cin mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma har yau nauyin baki ke hana mu ce wa ɗan'uwa ya sa hannu. Rigingimun kuɗin da aka kawo gabana in sasanta, mafi yawansu tsakanin wa da ƙanwa ne, ko mace da ɗan mijinta. An ba da jari a tsakar gida, ba takarda ba shaida, da aka faɗi sai ita ta ce rance ta bayar, shi ya ce juyawa aka ba shi, kuma kowannensu da gaske yake rantsuwa.